Yadda na ɗora FreeBSD a kan sabar haya da babu shi a jerin kamfanin

Yawancin kamfanonin da ke ba da hayar saba suna da jerin manyan manhajojin da za su ɗora maka da latsawa guda: Debian, Ubuntu, Rocky Linux, wani lokaci da Windows. Ni FreeBSD nake so, saboda ZFS, tsarin adana fayiloli da yake zuwa da shi a jikinsa, da kuma tsarinsa na jail mai killace kowane aiki a keɓe, amma babu shi a jerin. Injin kuma yana can a wani ɗakin ajiyar sabobi da ba zan taɓa sa ƙafa a ciki ba, babu allon da zan kalla, babu inda zan soka filashi. Hanyar da na bi ita ce in tayar da injin da manhajar ceto ta kamfanin, in kunna QEMU, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta, a cikinta, in miƙa masa ainihin faifan injin, in yi girkin, wato ɗora FreeBSD ɗin, kamar ina zaune a gabansa. Girkin kansa bai fi rabin awa ba. Abin da ke cin lokaci shi ne bambancin da ke tsakanin injin kwaikwayo da aka yi girkin a ciki da injin gaske da zai tashi daga baya, kuma a kansa zan fi tsayawa.

Kafin in biya ko sisi na bincika abubuwa uku a takardun kamfanin. Na farko, akwai manhajar ceto da ke tasowa ta hanyar sadarwa ba tare da ta taɓa faifai ba? Na biyu, zan iya kashe injin in kunna daga shafin sarrafawa ko da ya daskare? Na uku, suna ba da na'urar da ke nuna allon injin daga nesa, wadda suke kira KVM ko IPMI, kuma kyauta ce ko ta kuɗi? Idan babu na farko da na biyu, shawarata mutum ya nemi wani kamfanin. Ka'idojin kamfanin da na zaɓa sun yarda a ɗora abin da aka ga dama, amma sun rubuta ƙarara cewa ba su taimakawa da manhajar da ba tasu ba. Bayan na yi oda sai suka nemi hoton takardar shaida da tabbatar da katin biya, kuma sai da wani ma'aikaci ya duba da idonsa kafin a saki injin, don haka kada ka yi oda da yamma kana sa ran fara aiki a daren. Ban da kuɗin wata, wasu injinan suna da kuɗin haɗawa da ake biya sau ɗaya kuma ba a mayarwa. Wannan ya sa yake da kyau a san irin katin sadarwar da ke jikin injin tun kafin a biya.

Da saƙon adireshin IP ya iso, na shiga shafin sarrafawa na kunna manhajar ceto, na ba ta mabuɗina na SSH, hanyar shiga inji daga nesa a ba shi umarni, na latsa sake kunnawa. Bayan 'yan mintuna na shiga a matsayin root, asusun da ke da cikakken iko. Manhajar ceton Debian ce da ke zaune a cikin RAM gaba ɗayanta, duk abin da ka ajiye a cikinta yana ɓacewa da zarar injin ya mutu. Ban taɓa komai ba sai da na kwashe bayanai na adana a kwamfutata: sakamakon `ip addr`, `ip route`, `ip -6 route`, abin da ke cikin `/etc/resolv.conf`, sai `lspci -nn` da `lsblk -o NAME,SIZE,MODEL,LOG-SEC,PHY-SEC`. A nan ake samun adireshin injin, faɗin rukunin adiresoshinsa, ƙofar fita (gateway) da yake bi zuwa intanet, lambar MAC, wato lambar shaida, ta katin da ke aiki, da sabobin DNS. Mutum ya kula da ƙofar fita sosai. Wasu kamfanonin suna ba da adireshi mai /32, wato ƙofar fitar ba ta cikin rukuninka, kuma wannan yana canza yadda za a rubuta saitin daga baya.

Sai katin sadarwa. Umarnin `ethtool -i eth0` yana faɗin direban da Linux ke amfani da shi, daga nan ake gane sunan da FreeBSD zai ba katin, domin shi da sunan direba yake kiran kati. Idan Linux ya ce e1000e, a FreeBSD em0 ne. Idan igb ne, igb0. Idan ixgbe ne, ix0. Idan tg3 na Broadcom ne, bge0. Idan r8169 na Realtek ne, re0, amma a nan akwai tarko: katin Realtek RTL8125 mai gudun gigabit 2.5 a daƙiƙa ba ya aiki da direban da ke zuwa cikin FreeBSD 14, sai an saka kunshin realtek-re-kmod an kuma ƙara layukan loda shi a `/boot/loader.conf` tun ana cikin QEMU, domin bayan an fita babu intanet ɗin da za a sauke shi da ita. Nawa injin katin Intel ne mai kafa biyu, wato wurin soka kebul biyu, direbansa igb, na rubuta igb0 a takardata na wuce.

Abu biyu suka rage kafin a taɓa faifai. Na duba ko akwai `/sys/firmware/efi`. Idan akwai, injin ta UEFI yake tashi, idan babu, ta tsohon BIOS. Nawa UEFI ne. Sannan na duba layin LOG-SEC a sakamakon lsblk. Faifaina biyu ne na NVMe, kowanne ya nuna 512, wanda shi ne abin da QEMU ke nuna wa manhajar da ke cikinsa idan ba a ce masa komai ba. Da sun nuna 4096, dole in gaya wa QEMU `logical_block_size=4096` a bayanin faifan, in ba haka ba za a rubuta teburin rabon faifai na GPT a wurin da injin gaske ba zai neme shi ba, ya ga faifan kamar babu komai a kai. Wannan matsalar ba ta nuna kanta sai bayan an gama komai, shi ya sa nake ganin ya cancanci minti ɗayan da za a ɓata a duba.

Faifan sun zo da ragowar tsohon RAID na Linux, tsarin da ke haɗa faifai su yi aiki tare, manhajar ceto ma har ta haɗa shi da kanta. Na tsayar da shi da `mdadm --stop --scan`, na goge alamarsa daga kowane yanki da `mdadm --zero-superblock`, sannan na bi kowane faifai da `wipefs -a` da `sgdisk --zap-all`. Idan akwai LVM, sai an fara kashe shi da `vgchange -an`. Wanda yake da wani abu a kan injin ya kwashe shi kafin wannan matakin, bayansa babu dawowa. Daga nan na buɗe tmux, domin idan layin SSH ya yanke QEMU ya ci gaba da aiki, na saka `qemu-system-x86` da `ovmf` ta hanyar apt, na tabbatar akwai `/dev/kvm`, wanda ke sa QEMU sauri (ba KVM ɗin ganin allo ba ne). Na sauke FreeBSD-14.2-RELEASE-amd64-disc1.iso, wanda ya fito a watan Disamba 2024, tare da fayil ɗin CHECKSUM.SHA512 nasa, na gwada su da `sha512sum -c --ignore-missing`. Fayil ɗin ya haura gigabayit ɗaya, kuma tunda a RAM yake zama, sai a lissafa shi tare da abin da za a ba QEMU. Mai ƙaramin RAM ya ɗauki bootonly.iso, wanda ke sauke sauran kayan a lokacin girki. Umarnin da na bayar shi ne:

`qemu-system-x86_64 -enable-kvm -cpu host -smp 4 -m 4096 -bios /usr/share/ovmf/OVMF.fd -cdrom FreeBSD-14.2-RELEASE-amd64-disc1.iso -drive file=/dev/nvme0n1,format=raw,if=virtio,cache=none -drive file=/dev/nvme1n1,format=raw,if=virtio,cache=none -nic user,model=virtio-net-pci,hostfwd=tcp:127.0.0.1:2222-:22 -vnc 127.0.0.1:1 -k en-us`

Da gangan na zaɓi katin virtio, domin FreeBSD zai kira shi vtnet0, sunan da ba zai taɓa karo da na katin gaske ba. Da an bar QEMU da katinsa na asali, em0 zai fito, kuma idan na injin ma em0 ne sai saitin biyun su cakuɗe. VNC kuma, hanyar ganin allon QEMU daga nesa, na ɗaure shi a 127.0.0.1 ne saboda ba shi da kalmar sirri, duk wanda ya same shi a buɗe ya samu allonka. Daga kwamfutata na buɗe `ssh -L 5901:127.0.0.1:5901 -L 2222:127.0.0.1:2222 root@adireshin-injin`, na nuna wa manhajar VNC tashar 5901 ta gida, sai ga shuɗin allon bsdinstall, manhajar girka FreeBSD.

A cikin girkin na bar vtnet0 ya karɓi adireshi ta DHCP, QEMU ya ba shi 10.0.2.15 kamar yadda ya saba. A wurin raba faifai na ɗauki zaɓin ZFS mai yin rabon da kansa, na ce faifan biyu, vtbd0 da vtbd1, su zama mirror, wato duk abin da aka rubuta a ɗaya a rubuta a ɗayan. Na bar tilasta 4K a kunne, na zaɓi GPT mai haɗa BIOS da UEFI domin injin ya tashi ko ta wace hanya aka saita shi, na kuma ce swap ɗin faifan biyu, wato yankin da ke taimaka wa RAM idan ya cika, shi ma ya zama mirror. Dalilin na ƙarshen shi ne idan faifai ɗaya ya mutu alhali swap ɗinsa shi kaɗai ne, injin zai iya faɗuwa duk da cewa bayanan suna nan lafiya. Zaɓin ɓoye faifai da GELI kuwa ban taɓa shi ba, kuma ina jan kunnen kowa a kai: zai tsaya yana jiran kalmar sirri a allon da ba ka gani, kowane tashi. Mai son ɓoye bayanai ya yi hakan a wani sashe na ZFS daban da zai buɗe da hannu bayan ya shiga ta SSH. Na kunna sshd da ntpd, na buɗe asusun mai amfani na saka shi a rukunin wheel, domin FreeBSD ba ya barin root ya shiga ta SSH, kuma wanda ba ya cikin wheel ba zai iya `su` ba. Kalmar sirrin da na sa a wannan matakin haruffa ne da lambobi kawai, domin VNC yakan juya alamomi irin su @ da | idan tsarin madannai bai zo ɗaya ba. Na canza ta daga baya.

Da girki ya ƙare na kashe injin kwaikwayon, na sake kunna QEMU ba tare da `-cdrom` ba. FreeBSD ya tashi daga faifan. Daga nan na bar VNC na koma SSH ta tashar 2222, inda ake iya manna rubutu. Na tura mabuɗina da `ssh-copy-id -p 2222`, na gwada shi, sannan na sa `KbdInteractiveAuthentication no` a sshd_config. Wannan layin ne ke rufe shiga da kalmar sirri a FreeBSD, domin PasswordAuthentication dama a kashe yake zuwa amma PAM, tsarin tantance masu shiga, yana karɓar kalmar ta ɗaya hanyar. Na rubuta sakamakon `ssh-keygen -lf /etc/ssh/ssh_host_ed25519_key.pub` na ajiye. A `/etc/rc.conf` na bar layin vtnet0 yadda yake, na ƙara na katin gaske: `ifconfig_igb0="inet 203.0.113.10 netmask 255.255.255.192"` da `defaultrouter="203.0.113.1"`, sai `ifconfig_igb0_ipv6="inet6 2001:db8:1:2::2 prefixlen 64"` da `ipv6_defaultrouter="fe80::1%igb0"`. Waɗannan adiresoshin na misali ne, kowa ya sa waɗanda ya kwafa daga manhajar ceto. Mai adireshin /32 ba zai yi amfani da defaultrouter ba, zai rubuta `static_routes="gateway default"`, sai `route_gateway="-host 203.0.113.1 -interface igb0"`, sai `route_default="default 203.0.113.1"`, domin a fara nuna wa injin inda ƙofar take kafin a ce ya bi ta.

Akwai ƙananan wurare uku da sunayen QEMU ke maƙalewa. A `/etc/resolv.conf` za ka tarar da 10.0.2.3, sabar DNS da babu ita a wajen QEMU. Na maye gurbinta da na kamfanin, na kuma rubuta `resolvconf=NO` a `/etc/resolvconf.conf` domin kada DHCP ya sake mayar da ita a tashi na gaba. A `/etc/fstab`, wanda bai haɗa swap ba zai ga `/dev/vtbd0p3`, sunan da zai koma nda0p3 a injin gaske, gara ya mayar da shi `/dev/gpt/swap0` wanda ba ya canzawa. ZFS kansa ba ya damuwa da canjin suna, yana gane faifansa da alamar da ya rubuta a jikinsu. Na uku shi ne UEFI: duk rajistar tashi da mai girkin ya yi, a ƙwaƙwalwar injin kwaikwayo ya yi ta, injin gaske bai san da ita ba. Abin da zai dogara da shi shi ne fayil ɗin `/boot/efi/efi/boot/bootx64.efi`, don haka na tabbatar yana nan. Na ba da `shutdown -p now`, na jira QEMU ya fita da kansa, na yi `sync`, na tabbatar manhajar ceto a kashe take a shafin sarrafawa, na ba da `reboot`.

Injin saba yakan daɗe yana gwajin kayan jikinsa kafin ya tashi, saboda haka na bar ping yana tafiya na ba shi minti goma. Bai amsa ba. Wannan jiran shi ne mafi nauyi a duk aikin, domin ba ka san ko injin bai ga faifan ba ne, ko ya tashi lafiya ƙalau yana zaune ba hanyar magana. Zuciya takan raya wa mutum ya share komai ya sake daga farko, alhali akwai hanyar rarrabe matsalolin biyu ba tare da allo ba. Na sake kunna manhajar ceto, na saka QEMU, na tayar da FreeBSD a ciki da wancan umarnin, na buɗe `/var/log/messages`. Ba `/var/run/dmesg.boot` ake dubawa ba, shi ana sake rubuta shi a kowane tashi. Idan a messages babu komai tsakanin lokacin da ka kashe QEMU da yanzu, injin bai kai ga loda FreeBSD ba, matsalar ta UEFI ce ko ta teburin faifai. Idan akwai layuka masu ambaton nda0 da ainihin kayan jikin injin, to ya tashi, matsalar ta sadarwa ce.

Nawa ya tashi. A ciki na ga layi biyu, igb0 da lambar MAC ɗinsa, igb1 da tasa. Da na gwada su da wadda na kwafa tun farko, sai ta dace da igb1. Kebul ɗin yana kafa ta biyu ne. Manhajar ceto ta kira kafar da ta taso ta kanta eth0, FreeBSD kuwa ya bi jerin da ya tarar da katunan a kan PCI. Ana iya gane wannan tun a manhajar ceto: `ls -l /sys/class/net` yana nuna adireshin PCI na kowace kafa, kuma galibi mai ƙaramar lamba ita ke zama 0 a FreeBSD. Wasu suna kauce wa matsalar da `ifconfig_DEFAULT`, wanda ke aiki a kan duk katin da ba a yi wa saiti ba. Yana da kyau a injin mai kafa ɗaya ko mai DHCP, amma a mai kafa biyu da tsayayyen adireshi zai ɗora adireshin a kan duka biyun, ya haifar da wata matsalar. Na mayar da igb0 zuwa igb1 a wurare uku, har da wanda ke bayan alamar % a layin IPv6, na kashe, na sake kunna injin. Cikin mintuna kaɗan ping ya fara dawowa. SSH ya yi gargaɗin cewa mabuɗin injin ya canza, wanda daidai ne tunda na manhajar ceto ya sani. Na goge tsohon da `ssh-keygen -R`, na gwada sabon da wanda na ajiye, suka zo ɗaya, na shiga.

Ga wanda messages ɗinsa ya zo babu komai, a nan ne ake buƙatar na'urar ganin allo. A wasu kamfanonin tana jikin injin, a wasu sai an buɗe takardar neman taimako an jira ma'aikaci ya jona ta na 'yan awanni, kuma ƙarin lokaci na iya zama da kuɗi, don haka a shirya abin da za a duba kafin a nema. Ana kuma iya ƙara rajistar tashi daga manhajar ceto da `efibootmgr -c -d /dev/nvme0n1 -p 1 -L FreeBSD -l '\EFI\freebsd\loader.efi'`, amma a sani wannan umarnin yana sa sabuwar rajistar a gaban kowa. Manhajar ceto ta dogara ne da cewa injin zai fara neman tashi ta hanyar sadarwa, idan FreeBSD ya sha gabanta to ka rufe wa kanka ƙofar ceto. A kwafi jerin da `efibootmgr -v` kafin a taɓa, a mayar da na sadarwa gaba da `efibootmgr -o`. Haka nan ban ba da shawarar a buɗe zroot, rumbun ZFS da girkin ya ƙirƙira, kai tsaye daga Linux ɗin ceto ba idan QEMU zai wadatar. Wanda dole ta sa ya buɗe, ya yi `zpool export` kafin ya fita, kuma kada ya kuskura ya yi `zpool upgrade` a can.

Bayan shiga na yi `freebsd-update fetch install`, na kunna pkg, na cire layin vtnet0, na duba `zpool status` na ga nda0p4 da nda1p4 duka ONLINE. Da na zo katangar tsaro (firewall) ta pf, na fara gwada fayil ɗin da `pfctl -nf /etc/pf.conf`, sannan a cikin tmux na loda shi tare da umarnin da zai kashe pf bayan daƙiƙa 60, na buɗe sabon layin SSH a cikin wannan lokacin don in ga ko yana shiga. Sai da ya shiga na sa `pf_enable="YES"`.

Abin da na fitar daga wannan aikin ga mai shirin yin irinsa shi ne ya ba kwashe bayanai lokaci fiye da girkin, musamman lambar MAC da adireshin PCI na kafar da ke da kebul, ya adana umarnin QEMU a kwamfutarsa tunda manhajar ceto ba ta riƙe komai, kuma ya gama duk gwajin kashewa da kunnawa kafin ya ɗora wani aiki a kan injin. Gwaji biyu na yi a ƙarshe. Na sake kunna manhajar ceto sau ɗaya don in tabbatar har yanzu tana tasowa. Sannan na duba yankin EFI na faifai na biyu, domin ZFS yana kwafin bayanai ne kawai, ba ya kwafin wannan yankin, kuma idan babu komai a cikinsa injin ba zai tashi ba ranar da faifai na farko ya mutu. Na sauke `/boot/efi` da umount, na yi `dd if=/dev/gpt/efiboot0 of=/dev/gpt/efiboot1 bs=1m`, na mayar da shi, na kuma rubuta a takardar injin cewa a maimaita wannan kwafin duk lokacin da aka sabunta loader.efi.